Me ya fitar da Malam Abdullahi Fodiyo daga rundunar jihadi har ya nufi Kano?

Barista Nafi'u, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai zan ajiye ta gabanku. Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya shiga babban ɗakin karatu mai sunan Abdullahi Fodiyo, amma mu lauyoyi kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa buɗe littafinsa ko guda. Alhali in ana neman masanin shari'a a ƙasar nan wanda ya haɗa fiƙihu da tarihi da rubutu, ban san wanda za a sa gabansa ba. Shi ne ya fara yi wa yayansa Shehu Usmanu mubaya'a a Gudu a 1804, shi ya ja runduna a Tafkin Kwatto, shi ya ci Birnin Kebbi a 1805. Sai ga shi wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta ma faɗi ba, ya juya ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar Makka. A Kano aka tsayar da shi, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ni a ganina wannan tafiya ita ce mafi girman abin da ya yi a rayuwarsa, ta fi nasarar Kwatto. Ina son jin ta bakin manya.

Murtala Gwandu:
Wa alaikumus salam Barista. Allah ya saka da alheri da ka tuna da Malam. Amma ka ce ta fi Kwatto? Da an sha kashi a hannun Yunfa Sarkin Gobir a ranar, wa zai saura ya rubuta littafi?

Lawali Sabon Birni:
Ni tambayata ɗaya. In yau kwamanda ya bar mayaƙansa a fagen daga ya ce zai tafi aikin hajji, wane suna za ku ba shi?

Malam Buhari, Ƙofar Atiku:
Lawali ɗana, sassauta harshe, mutanen ga ba tsaranmu ba ne. Amma tambayarka tana da wuri, kuma shi Malam Abdullahi bai ɓoye komi ba, da hannunai ya rubuta dalili cikin littafinai Tazyinul Waraƙati. Abin da yac ce a taƙaice, abokan tafiyar farko, waɗanda anka yi Degel da su, anka yi hijira da su, mafi yawa sun yi shahada. Ka tuna Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa sunka kwanta dama. Waɗanda sunka cika runduna daga baya, da yawa burinsu ya koma ga mallakar ƙasa da neman muƙami, tara ƙwaraƙwarai da tufafi na ƙawa, dawaki na sukuwa cikin gari ba na fagen fama ba, cin ganima da toshiyar baki, ga kiɗe-kiɗe. Wanga duka cikin waƙa ya zuba shi, da Larabci mai nauyi. To mutumin da ya fito don a kau da wanga hali ga sarakunan Haɓe, ya waiwaya ya gan shi bayan tutarsa, mi kake so ya yi? Ya yi magana ba a ji ba. Shi ko malami ne na fiƙihu, ya san hukuncin zama inda ba ka iya hana ɓarna.

Lawali Sabon Birni:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma Shehu bai gudu ba, ɗansa Bello bai gudu ba. Su ba su ga ɓarnar ba ne?

Malam Buhari, Ƙofar Atiku:
Sun gani ƙwarai. Kafin yaƙin Alwasa a 1805, runduna ta afka ma garin Kwalde, garin da ke da amana da jama'a. Malam Abdullahi ya hana, Bello ya hana, ba a saurare su ba, har sunka yi niyyar juyawa gida. Anka je Alwasa anka sha kashi mai muni. Ka ga ke nan damuwar ba tashi ba ce shi kaɗai. Inda sunka bambanta shi ne magani. Bello ya zaɓi ya zauna ciki ya yi ta lallaɓa. Malam Abdullahi zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Kuma kar ka ce gudu, don ya komo, an ci Alƙalawa a 1808, ya ci gaba da yaƙe-yaƙen yamma har ƙetaren Kwara.

Barista Nafi'u, Runjin Sambo:
Madalla Baba. Ga inda nake son a duba da idon lauya. Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, ya tarar da abin da ya guje wa yana can yana jiransa. Mutanen Kano suka ce masa wannan hanyar da ka bi ba ta ɓullewa, ka zauna ka koya mana yadda za mu tsayar da addini, mu ma mun rasa mai shiryar da mu. Bai tsaya kan wa'azi kawai ba, ya zauna ya rubuta musu littafi kan abin da ke kan mai mulki da abin da yake da haƙƙi a kai: hijira, naɗa shugaba da sharuɗansa, naɗa mataimaka da alƙalai, hukuncin yaƙi, da siyasar shari'a. Ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Shi da kansa ya ba da labarin cewa har sun fasa kayan kiɗa, itacen gangunansu ya koma abin zuba wa dawaki harawa. Abin da ya kama ni shi ne, dokar da ya rubuta ba don maƙiya ba ce. Gobir na nan ba ta faɗi ba, amma alƙalaminsa ya juya kan waɗanda suka yi nasara, wato nasa mutanen. Kowa na iya rubuta laifin abokin gaba. Rubuta wa ɓangarenka iyaka a ranar da takobi ke hannunsu, nan ne ake gane masanin shari'a na gaskiya.

Sa'adatu, ɗalibar shari'a:
Yaya Barista don Allah, littafin nasa ra'ayinsa ne ya zuba ko tattaro maganganun magabata ya yi? Wani malaminmu ya ce yawancin rubutun masu jihadi naƙali ne daga littattafan Malikiyya.

Barista Nafi'u, Runjin Sambo:
Ƙanwata malaminki bai yi ƙarya ba. Za ki ga Mukhtasar na Khalil, za ki ga Tabsira ta Ibn Farhun, za ki ga tasirin Shehu Magili, wanda tun zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta wa Kano nasiha kan mulki. Amma ki tuna aikinmu a kotu ma haka yake. Lauya ba ya ƙirƙiro doka daga kansa, hukunce-hukuncen da suka gabata yake jawowa. Gwanintar tana wajen sanin wanne za ka ɗauko, don wace matsala, a gaban wa. Malam Abdullahi ya ɗauko babin kyautar da ake kai wa mai muƙami a daidai lokacin da sababbin masu muƙami suka fara karɓar gaisuwa. Zaɓin nan shi ne ra'ayinsa.

Hajiya Balkisu, Mabera:
Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da ba na so a bari ya wuce shi ne hoton da ake yawan zana masa na mutum mai tsauri wanda ba ya lanƙwasa. Ni malamar makaranta ce, kuma labarin da na fi ba ɗalibaina mata game da shi na tun kafin jihadi ne, lokacin da suke yawon wa'azi da Shehu a ƙasar Zamfara. Wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana sukar Shehu cewa yana barin mata su zo majalisinsa tare da maza. Shehu ya ce wa ƙanensa kai ya fi dacewa ka ba shi amsa. Malam Abdullahi ya mayar da waƙa a kan ma'auni da amsa-amon da aka aiko musu. Ya ce da farko ba mu cakuɗa su ba, mu ne ma masu hanawa. Sannan ya ce ko da an ɗauka haka ne, barin mata cikin jahilci ba su san farillansu ba ya fi wannan muni, kuma in cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mai sauƙi a ture babba. Wannan amsa ta faƙihi ce mai auna maslaha. Gidan da aka yi wannan tunani shi ya fitar da Nana Asma'u. Duk macen da ta zauna a aji a ƙasar nan tana da alhakin yi masa addu'a.

Sa'adatu, ɗalibar shari'a:
Allahu akbar. Mama wallahi ban taɓa jin wannan ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Murtala Gwandu:
Amin. Kabarinsa na nan Gwandu, har gobe ana ziyara. A 1829 ya rasu.

Lawali Sabon Birni:
Hajiya na yarda da wannan. Amma bari in koma kan tarihi tunda Barista ya kira shi masanin tarihi. Ni Bagobiri ne, ba na ɓoyewa. Duk abin da ake karanta mana kan yaƙin nan daga alƙalamin waɗanda suka yi galaba ya fito. Tazyinu nasa ne, Infaƙul Maisuri na Bello ne. Ina littafin Yunfa? Ina na malaman da suka tsaya a Alƙalawa, ai akwai su? Mutum ya yi yaƙi, ya ci, ya zauna ya rubuta yadda aka yi, sannan a ce mana shi ne shaida. Barista, a kotu za ka yarda mai ƙara ya zama shi ne shaidar kansa?

Barista Nafi'u, Runjin Sambo:
Malam Lawali wannan ita ce magana mafi ƙarfi da aka yi yau, kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne, Malam Abdullahi ɓangare ne a cikin shari'ar. Bai taɓa cewa shi ɗan kallo ba ne, waƙoƙinsa na Kwatto waƙoƙin murnar nasara ne, kuma kalmomin da ya yi amfani da su kan Gobirawa masu zafi ne. Mai karanta shi dole ya san haka. Amma akwai ƙa'ida da muke aiki da ita kullum, maganar da mutum ya yi a kan kansa, wadda ba ta amfane shi ba, ta fi wadda ya yi don kare kansa nauyi. Iƙirari ya fi shaida ƙarfi. Mutumin nan ya rubuta cewa rundunarsa ta ci amana, ya rubuta cewa an kore su a Alwasa, ya rubuta cewa shi da kansa ya bar su ya tafi. Da yana son ya wanke jihadi ne kawai, waɗannan shafuka zai fara yagewa. Shi ya sa in ya ba da labarin wani abu daban nake ba shi kunne, ko da ban rufe ido ba.

Lawali Sabon Birni:
Ka ba shi kunne, amma kar ka yanke hukunci sai ka ji ɗaya ɓangaren. Mu ma muna da namu a bakin tsofaffi da waƙoƙin fada, a Tsibiri da Sabon Birni.

Dakta Kabiru, Arkilla:
Lawali ya yi gaskiya a nan, kuma masana tarihi na jami'a ba su musa ba. Aikin da marigayi Yusufu Bala Usman ya yi kan Katsina ya ginu ne kan haka, kowace majiya a tambaye ta wa ya rubuta, don wa, a wane hali. Sai dai a ba masu jihadi haƙƙinsu ta wani gefen. Hujjojin Shehu Laminu na Borno da ya tuhume su da yaƙar Musulmi, a ina muka same su? Bello ne ya kwafe wasiƙun ya sa cikin Infaƙu a 1812, sannan ya ba da amsa. Malamai ne da suka saba da kawo maganar abokin jayayya kafin su rushe ta. Game da Malam Abdullahi kuma, Tazyinu da ya kammala a 1813 ba littafin tarihi ba ne irin na yanzu. Waƙoƙinsa ya tattara, kowace ya faɗi dalilin yin ta da lokacin, sai labarin jihadin ya fito daga tsakaninsu. Akwai kuma Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowane, tun daga Shehu wanda ya girme shi da shekara 12, har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wanda ke son sanin abin da ɗalibi ke karantawa a ƙasar Hausa a ƙarni na 18, can zai fara. Mervyn Hiskett ya fassara Tazyinu zuwa Turanci an buga a Ibadan a 1963, Murray Last kuma ya jingina da irin waɗannan rubuce-rubuce a littafinsa na 1967, bayan zaman da ya yi a gaban Waziri Junaidu.

Murtala Gwandu:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke zukatan mutanenmu. Shehu ya rasu a 1817, Malam ya taso ya nufo Sakkwato, ya tarar an yi wa Bello mubaya'a an rufe ƙofa. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne mafi ilimi. An yi masa adalci?

Mai kula da zaure:
Malam Murtala da sauran 'yan'uwa, a yi wannan magana da ladabi. Duk wanda ya zagi ɗaya daga cikin bayin Allah nan, ko ya mayar da ita faɗan Sakkwato da Gwandu, zan goge rubutunsa.

Malam Buhari, Ƙofar Atiku:
Murtala, ba a musun ya ji zafi, ɗan Adam ne. An yi shekaru akwai sanyi tsakaninsu, har kowane ya yi rubutu kan mas'alar imama. Amma a duba tun 1812 Shehu ya raba aiki, yamma ga Malam Abdullahi, gabas da arewa ga Bello, kuma Sakkwato garin Bello ne, shi ya gina ta. Manyan mayaƙa na tare da shi, ga tawaye na tasowa ko'ina da jin rasuwar Shehu, na Abdussalami, almajirin Shehu, a Kware ma ya isa misali. Ni abin da nika so ka riƙe shi ne yadda anka ƙare. Da sauran mutanen Abdussalami sunka yi ƙarfi a Kalambaina, ba wagga ta kusa da mu mai kamfanin siminti ba, ta wajen Gwandu, Malam Abdullahi ya kasa cin su shi kaɗai, Bello ya taso da runduna ya taimaka. Da sunka haɗu, yadda manya ke ba da labari, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam ya hana shi, shi ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Ya kuma ba Gidado, na hannun daman Bello, rigarsa, alamar ya sallama mashi wazirci. Mutumin da ya rubuta cewa ba a shugaba biyu kuma a yi ɗa'a ga wanda anka naɗa, da abin ya zo kansa ya bi abin da ya rubuta.

Murtala Gwandu:
Haka ne Baba. Mu dai abin yana mana ciwo ne idan aka ambaci jihadi a tsaya kan Shehu da Bello kamar su biyu ne.

Hajiya Balkisu, Mabera:
Ai Shehu da kansa bai bari a manta shi ba. A Najmul Ikhwani ya umurci jama'a su karanta littattafan ƙanensa domin shi ya fi kula da tsare zahirin shari'a, su karanta na Bello domin ya fi kula da siyasar al'umma, su karanta nasa domin yana riƙe da ɓangarorin biyu.

Dakta Kabiru, Arkilla:
Kuma a lura da lokacin da Shehu ya faɗi haka, suna cikin saɓani ne. Malam Abdullahi ya tsananta kan ganguna, da tufafin alfarma, da kiran shugaba da laƙabin sarauta irin na da, yana tsoron halifanci ya rikiɗe ya koma mulkin gado. Shehu ya sassauta, yana cewa abin da malamai suka yi saɓani a kai ba a tsananta wa jama'a. Wa da ƙane, malami da ɗalibinsa, suna mayar wa juna da littafi, ɗaya a Sifawa ɗaya a Boɗinga, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ni a nan nake ganin Barista ya ɗan yi son kai. In ka ce Malam Abdullahi ne kaɗai mai gaskiya, ka manta daular da ta kai har 1903 da sassaucin Shehu da dabarar Bello ta tsaya. Da tsaurinsa kaɗai aka bi, anya sarakunan tuta za su zauna?

Barista Nafi'u, Runjin Sambo:
Dakta ban ce shi kaɗai ba. Amma dubi abin da ya ji tsoro, ka dubi abin da ya faru. Laƙuban sun dawo, tambura sun dawo, sarauta ta koma gado, har a gidansa, ɗansa Muhammadu Wani ne ya gaje shi, Halilu ya biyo. Mai siyasa yana da aikinsa, na yarda. Aikin masanin shari'a shi ne ya tsaya ya ce ga iyaka, ko da ya san za a tsallake, don waɗanda za su zo baya su san an tsallake. Mu yanzu tun 2000 muke da kotunan shari'a a jihar nan da cikakken hurumi, amma yawan muhawararmu kan hukuncin talaka ne, ɓarawon akuya da mai shan giya. Babin da Malam ya fi damuwa da shi, wato wa ya cancanci zama alƙali, me ya halatta ya karɓa, wa ke binciken mai mulki kan baitulmali, shi ne muka fi yin shiru a kai. Na sha ganin mai ƙara ya sayar da gonarsa kafin a gama shari'ar gonar.

Lawali Sabon Birni:
To a nan ni da kai babu jayayya, Barista.

Sa'adatu, ɗalibar shari'a:
Baba Malam Buhari, ni Larabcina bai yi ƙarfi ba, daga wanne zan fara? Kuma a ina ake samu?

Malam Buhari, Ƙofar Atiku:
Ɗiyata, kar ki fara da Liya'ut Tawili, shi tafsiri ne babba, juzu'i 4, an buga shi Alƙahira a 1961, yana son mai nahawu. Shi da kansa da ya ga ya yi ma ɗalibai nauyi ya taƙaita shi ya yi Kifayatu Lu'afa'is Sudan, kan ruwayar Warshu da muke karatu da ita. Tunda ke shari'a kike karantawa, nemi Liya'ul Hukkami wajen masu sayar da littattafan addini a kasuwa ko bakin masallacin Shehu, ba shi da girma. Amma kar ki karanta ke kaɗai, ki samu malama ko malami ki riƙa biya babi babi, don maganar fiƙihu a dunƙule take. In kina son ganin rubutun hannu, ki je Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ki kuma tambaya a sashen rubuce-rubucen Larabci na jami'arku.

Hajiya Balkisu, Mabera:
Sa'adatu ki yi min magana ta akwatin sirri. Akwai malamar da muke ɗaukar fiƙihu wurinta ranar Asabar bayan la'asar, zan tambaye ta ko za ta karɓi littafin ta sa mana shi bayan mun sauke Risala.